Ƙafafun Baya na Saniya

Duk yaron da ya tashi a garinmu ya taɓa yi wa Wilfred Ogden tafi, amma in ka nuna masa Wilfred a hanya sai ya ce ai mahaucin bakin kasuwa ne. Da gaskiyarsa. Nama Wilfred yake sayarwa, sai lokacin Kirsimeti ya zo ya zama ƙafafun baya na saniyar gidan wasa.

Gidan wasan tun zamanin Sarauniya Victoria ta Ingila aka gina shi, saniyar ma ba yarinya ba ce. Riga ce ta bargo mai kan kwali, mutum biyu ke shiga. Na gaba yana tsaye, yana leƙe ta bakinta. Na baya kuwa sunkuyawa zai yi, ya riƙe ƙugun na gaba, ya bi duk inda aka ja shi. Wilfred ya gaji bayan daga mahaifinsa, Cedric Thwaite ya gaji gaban daga nasa. Tun suna samari har suka yi furfura, abin da Wilfred ya sani a kan dandamali shi ne duhu, zufa, da wandon Cedric, mutumin da ba ya shiga wasa sai ya cika cikinsa da wake.

Kowa yana faɗin yadda gidan yake daga kan dandamali in ya cika an kunna fitilu. Wilfred bai taɓa gani ba. Leƙen 'yan kallo ta labule mugun camfi ne a gidan, saniya kuma ba ta tuɓe riga a gaban yara, ko a gaisuwar ƙarshe. Abin yana ci masa rai, bai dai gaya wa kowa ba.

Kwatsam sai Madam Ackroyd, shugabar kwamitin adana gidan, ta sanar cewa rigar saniya ta zama kayan tarihi, daga wasan ƙarshe na bana za a kulle ta cikin akwatin gilashi. A ranar nan, Wilfred ko naman kirki bai iya yankawa ba. Ya tarar da Cedric a ɗakin shiri yana kurɓar shayi.

"Cedric, ka bar min gaban saniyar. Sau ɗaya tak."

"Kai? Wannan ƙaton kan naka zai shiga?"

"Tun muna da gashi a ka nake haƙuri da cikinka. Ko matarka ba ta sha abin da na sha ba."

"Da ubana na da rai, da ya tsine min."

"Ubanka ya huta. Ni ne dai ban huta ba."

Cedric ya daɗe yana juya cokali. "To. Amma in na sunkuya na kasa miƙewa, kai za ka goya ni gida."

Ranar wasan ƙarshe Wilfred ya share faranti guda na wake, wai don kada a ce ya ɓata al'ada. Aka saki kiɗa, saniya ta fito, ya kafa ido a bakinta.

Ashe haka abin yake. Benaye hawa kan hawa sun kewaye shi, duk an shafe su da ruwan zinariya, ga babbar fitila tana lilo daga rufi. Ga fuskoki har can sama wajen kujerun talakawa, bakin kowa a buɗe. Ya hango matar da ke masa ƙorafin ƙashi ya yi yawa a nama, ya hango jikokinsa a tsaye kan kujera. Dariyar da ya yi rayuwarsa yana ji ta cikin bargo, yau ga masu ita. Don farin ciki sai ya tsaya cak, ya manta da rawa.

Cedric bai san an tsaya ba, ya ci gaba da rawa. Gaban saniya ya ƙame, bayanta na ta tsalle yana tunkuɗa, mutane har da faɗowa daga kujera. Madam Ackroyd tana gefen labule tana roƙon a tausaya wa ɗinkin rigar.

"Matsa mana, tsohon banza," in ji Cedric daga cikin duhu. "Bayana zai karye. Kuma me ka ci?"

Wilfred ba shi da hannun share hawaye, sai ya bar su suna zuba cikin kwali.

"Yi haƙuri, Cedric," ya ce. "Ban gama kallonsu ba."