Jan Kwanon Ajinmu

Ranar wata Talata ce cikin Afrilu, shekarar da na shiga aji huɗu a lakol, wato makarantar bokon unguwarmu ta Gardole, yayata Hadiza ta sulale daga benci ta faɗi. Mushe, malaminmu, bai ma ajiye alli ba. Ya ce lalaci ne, ya sa aka ɗaga ta, ya zuba mata bulala a tafin hannu, ina kallo.

Rufin ajin nan tsohon kwano ne, tsatsa ta ci shi, aka ɗora wani a kansa, aka shafe da jan fenti. Direkta, shugaban makarantar, yakan gaya wa iyaye wai tsatsa da fenti hawa-hawa suna tare zafi. Da safe kam maganarsa kamar gaskiya, don idan muka hau taga ɗauko ƙwallon tsumma, kwanon da sanyinsa muke taɓa shi. Amma da rana ta take, sai ya fara ƙara yana ɗas-ɗas, zafi ya ratsa duk hawan ya sauko mana a ka. Tawada takan bushe a bakin alƙalami, allon hannu ya jiƙe da gumi, ruwan randar da muka yi jigila muka cika da asuba ya koma kamar na shayi. Shi kuwa direkta ofishinsa ginin ƙasa ne, ƙarƙashin dalbejiya.

Washegari Inna ta yafa mayafi ta tafi lakol. Da Larabci, yaren kasuwar garinmu, ta yi wa direkta magana, don kowa ya ji. Ta nemi a mayar da ajin gindin itace har damina ta faɗi. Ya amsa mata cewa ’ya’yan wasu ba su faɗi ba. Ta kama hannun Hadiza ta ce, “To tawa ba gurasa ba ce da zan kawo a gasa.” Daga ranar Hadiza ba ta sake komawa ba, ita da ta fi mu duka iya lissafi. Atamfa take aunawa a kasuwa har yau.

Yanzu ’ya’yana suna karatu a unguwar Gudji, ajinsu da silin da fanka, har suna kukan mura. Tsohon lakol ɗinmu kuwa na bi ta gabansa bara da azahar, na ji yara suna maimaita karatu a ciki. An sake wa kwanon fenti.