Mai Zaɓen Waƙoƙin Lahadi

Muryarta ba ta da wani daɗi, ita ma ta sani. Amma shekara ashirin da uku ke nan ita ke zaɓen waƙoƙin da ake rerawa a cocinsu, har kowa ya manta da sunanta, sai dai Uwar Waƙa.

Tela ce. Ran Alhamis takan ture yadudduka gefe, ta buɗe karatun Littafi Mai Tsarki na Lahadi mai zuwa a kan teburin yanka, ta ɗauko littafin waƙoƙinta da bangonsa ya sha ɗinki. Sai ta fidda waƙar shiga, da ta miƙa baiko ga Allah, da ta karɓar Jibin Ubangiji, da ta fita, kowacce ta dace da karatun. A lokacin Misa kuwa, can benci na ƙarshe take zama, tana kasa kunne ta ji ko jama'a na bi.

Wata shekara aka kawo sabon Fada, ya zo da wata waƙa mai hawa da sauka wadda yake ji da ita. 'Yan kwaya, mawaƙan cocin su goma sha biyu, suka rera ta tsaf, amma sauran jama'a suka yi tsit, tsofaffi na ta kallon fanka.

Bayan Misa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Fada, waƙarka ta yi kyau, sai dai mutum goma sha biyu ne suka yi addu'a da ita."

Ya ɗan ɓata fuska. "To Mama, mu jefar da ita ke nan?"

"Haba, wa ke jefar da yadi mai kyau? Rage mata tsawo zan yi. Ba ni mako uku."

Ta sa mai piyano ya sauke sautin, ta mai da layi biyu amshi. Kowace Lahadi, minti biyar kafin a fara, takan tsaya gaban bagade da muryar nan tata, tana koya musu.

"Idan ni na iya, ba wanda ke da uzuri!" in ji ta. Aka kwashe da dariya.

A Lahadi ta huɗu, cocin ya ɗauka gaba ɗaya, har Fada ya tsaya cak, ya kasa juya shafi.

Ran Litinin tana taka keken ɗinki, sai ta ji makaniken da ke kusa da shagonta yana rera amshin a ƙarƙashin mota, shi da bai taɓa leƙa cocin ba. A bakin matarsa ya tsinta. Uwar Waƙa ta leƙo ta taga.

"Maƙwabci, ka tsallake kalma ɗaya! Sake daga farko."