Ranar da Zuwaira ta hana ni rufe tabonta

"Yau kar ki rufe shi, Yaya."

Haka Zuwaira ta ce mini jiya da hantsi, bayan na kwaɓa baƙin lalle na kama hannunta.

Shekara huɗu tana zuwa rumfata a bakin kasuwar Malanbil. Kullum zane mai cika take so, daga wuyan hannu har gwiwa, daidai inda mijinta ke damƙa in ya tashi dukanta. Na sani, ta san na sani, amma ba mu taɓa maganar ba. Ni dai in zana fure a kan tabon, ta yi godiya ta tahi.

Na ce, "To mi za a yi, ƙanwata?"

Ta ce, "Yatsu kawai. Garin Gene zan tahi, gidanmu. Sau biyu ina yaji, Baba ya dube ni ya ce ga ki lahiya lau har da ƙunshi, koma ki yi haƙuri. Shekaranjiya na iske ɗiyata ta ɗauki gawayi tana zana ma 'yar tsanarta fure a hannu. Wai an buge ta ne, tana gyara ta."

Na yi mata yatsun. Da sunka bushe ta ɗage hijabinta zuwa kafaɗa, ta ɗauki ɗiyar da ta zo da ita, ta hau kabu-kabu da hannun a buɗe.

Ban sani ba ko iyayenta za su sake maido ta. Ni dai shekara huɗu ina zaton taimakonta nake yi.

'Yan uwana mata, ku gaya mini gaskiya, wa na taimaka?