Karen da Ya Yi Ƙiba a Shekarar Yunwa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da ke cikin kowane jiki.

A shekarar fari ta biyu, zamanin soja, ina magidanci a wani ƙauye kusa da Maijirgi. Ina da kare ja mai gadin awaki. Ban taɓa barin shi ya shiga inda nake salla ba, amma ban taɓa hana shi dusa ba sai da dusar ta zama abincinmu.

Mutane suka rame, awaki suka ƙare, jakuna suna cin dangar gidaje. Shi kuwa karen sai ƙiba yake yi. Wuyansa ya cika, gashin wutsiyarsa ya zube, ya daina haushi. Da tsakar rana, lokacin da kowa ke neman inuwa, shi rana yake bi ya kwanta kamar mai jin sanyi.

A lokacin an ce duk wanda ya ɓoye hatsi, sojoji za su fasa rumbunsa, kuma ba zai sami jar dawar taimako ba. Muna jiran motar rabo a ƙofar mai gari sai wani maƙwabcina ya ɗaga murya.

"Malam, wane tuwo ake ba karen nan naka? A ɗan sam mana ƙanzo mana!"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Da yamma kawuna ya ja ni gefe.

"Ɗana, bakuna bakwai ne a gidanka. Mai gari ya fara tambaya. Kada motar ta dawo ta tarar da karen nan."

"Kawu, wallahi ko tsaba ban ɓoye ba."

"Na sani. Je ka gaya wa idon mutane."

Ni kaina na zarge shi. Na ce mushe yake ci, ko abin da ya fi mushe muni, don kaburburan shekarar ba su da zurfi. Washegari bayan asuba na sa masa igiya, muka bi hanyar garin Kona. Yana tafiya yana tsayawa, yana haki. Na ɗaure shi a gindin wani gawo, na ce a raina wani makiyayi zai kwance shi. Na san babu makiyayin da ya rage a dajin. Da na waiwaya, ya ja igiyar ya fita daga inuwa, ya kwanta a rana.

Mun sami tiyarmu ta jar dawa. Yarana duka sun rayu, alhamdu lillahi.

Bayan shekaru, a kasuwar Gidan Amumune, na zauna kusa da wani likitan dabbobi da ya zo yi wa shanu allura. Na ba shi labarin kamar na wani. Ya taɓa maƙogwaronsa, ya ce akwai ɗan nama a nan mai zuba wani ruwa cikin jini, shi ke hura wutar jiki. In ya gaza, kare sai ya kumbura ko da ba ya ci, gashinsa ya zube, ya riƙa jin sanyi.

"Ciwo ne, Baba. Mai karen ya kawo shi an duba?"

Na ce masa ban sani ba.

Har yau in na tashi daga alwalar azahar na ga inda rana ta faɗo a tsakar gida, nakan kewaye wurin.