Ranar da Aka Sa Mini Sakata a Ramin Dandamali

Ban manta da ranar nan ba, ban kuma ga alamar zan manta ba. Lahadi ce da rana, ina tsugune a ƙarƙashin dandamali riƙe da igiya, sai na ji kaina ya sara kamar an ɗaure shi da waya. Na ja numfashi, bai ishe ni ba. Na sake ja, ƙirjina ya cika amma kamar ban shaƙi komai ba. A samana kuwa ana ta waƙa.

Ku da kuka shigo aiki kwanan nan, ku nake rubuta wa wannan, don na san ba za a faɗa muku ba. Za a ba ku tarihin ƙungiya dai, kamar yadda aka ba ni: wata malamar kiɗa ce ta kafa ta tun ba a haife ni ba, a ɗakin ƙasa na wata coci a Bronx, da fiyano ɗaya da 'yan maƙwabta. Daga baya aka samu wannan tsohon gidan siliman aka dawo. Opera muke yi, wato wasan kwaikwayon da kowace magana rera ta ake yi, ba kuma da lasifika ba, da ƙarfin maƙogwaro. Mawaƙanmu ba wasu shahararru ba ne. Akwai direban bas, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai malaman makaranta. Sai sun taso daga aiki suke zuwa gwaji. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina son wurin.

Anti Memuna ce ta kawo ni bayan na gama sakandare. 'Yar zangon Kumasi ce, ita ke ɗinka kayan wasa, maƙwabciyarmu ce a Soundview. Aikina sa maɓalli da guga. Amma a ƙaramar ƙungiya ba mai aiki ɗaya, shi ya sa a wasan kakar bara aka ce ni zan shiga rami.

Ga yadda abin yake. A ƙarshen wasan, ƙasa ce ke haɗiye mugun cikin labarin. Akwai wani faifan katako a tsakiyar dandamali, in ya tsaya a kai sai na ƙasa ya saki igiya, faifan ya sauko da shi a hankali. Ramin ɗan ɗaki ne mara taga, mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Ƙofarsa ba ta rufuwa da kyau, hasken baranda yana shiga ya ɓullo ta tsakanin katakai, darakta Mista Gordon kuma ya tsani ganin hasken nan. Don haka shekara da shekaru, duk wanda ya shiga sai a sa masa sakata ta waje har a tashi. Wasa ma suke yi da abin. Ni ma na yi dariya da aka rufe ni.

Abin da ban sani ba shi ne injin da ke yi mana hazo a dandamali ya lalace, Mista Gordon ya samo busasshiyar ƙanƙara a wurin wani abokinsa mai sayar da askirim. Irin wadda in an jefa ta a ruwan zafi take fitar da farin hazo mai bin ƙasa. Ba a gwada ta ba ko sau ɗaya, wai kada ta ƙare kafin ranar wasa. Sai a asibiti aka yi mini bayani cewa iskar da ke cikin hazon nan nauyi gare ta, gangarawa take yi ta taru a wuri mai zurfi ta kore iskar da mutum ke shaƙa. Wuri mai zurfi a ginin nan ɗaya ne, ni ce kuma a ciki.

Kowane ma'aikacin bayan labule yana da abin magana a kunne, amma doka ita ce in an fara wasa ba mai magana sai Madam Joan, mai kula da dandamali. Ita ke ba kowa umarni. Na danna nawa.

"Madam Joan, ba na iya numfashi."

"A yi shiru a layi."

"Don Allah, wani abu na saukowa nan ƙasa."

"Hadiza, tsoro ne kawai, kowa na jin haka ranar farko. Saura kaɗan. Tsaya a wurinki."

Na rarrafa zuwa ƙofa na tura. Sakata. Na buga, amma kiɗa ya kai inda ake kaɗa manyan ganguna, ba wanda ya ji. Na dawo wurin igiya ina ganin ɗigo-ɗigo baƙi a idona. In na sake ta yanzu faifan zai sauko, sama ta buɗe, amma ina jin takun mutane a kaina suna kai da komo cikin hazo, ba sa ganin ƙafafunsu. Wani zai faɗo ya karye. Haka na zauna ina jira a ba ni izini, ina salati, harshena ya yi nauyi. Da na ji ta ce "Saki," na saki. Daga nan ban san komai ba.

Sauran labarin Mista Luis ne ya ba ni, direban bas ɗin da ya fito a mugu. Ya ce yana saukowa ya taka hannuna. Ya girgiza ni, ban motsa ba, shi ma nan take kansa ya fara juyawa. Ya tura ƙofa ya ji ta a rufe, sai ya buɗe muryar nan tasa ya yi ihu a zo a buɗe. Mutanen da ke kallo suka ji ihu daga ƙarƙashin ƙasa, suka ɓarke da tafi. Da kafaɗa ya ɓalle ƙofar.

Na farka a motar asibiti da robar iska a hanci, Anti Memuna na riƙe da ƙafata, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. A asibiti suka ɗebi jini, suka manna mini wayoyi a ƙirji. Likita ta ce tunda na suma, kuma ba wanda ya san tsawon lokacin da na yi kwance, sai sun duba zuciyata da ƙwaƙwalwata. Da ta fita na shiga jera sunayen ƙannena a zuci, in ga ko akwai wanda ya ɓace mini.

Inna ta baro shagon kitso a 125th Street, ta iso da man kitso a hannu. Ba ta jima ba sai ga Mista Gordon da fure, cikin waɗanda aka ba mawaƙa da aka tashi. Ya tsaya a gefen gado yana murmushi, ya ce a duk shekarunsa bai ga mai riƙon aiki irina ba, wai ban kuskure lokacin sakin igiya ba ko kaɗan.

Inna ba ta jin Turanci sosai. Ta dubi Anti Memuna. "Me yake cewa?"

"Wai 'yarki ta iya sakin igiya."

"Shi ke nan abin da ya kawo shi?"

Anti Memuna ta juya ta ce masa da Turancinta na Kumasi, "Ɗauke furenka, ba ta mutu ba tukuna. In ta mutu ma aiko maka." Ya ajiye a kan kujera ya fita.

Wannan yabon ne har yau yake ƙona mini rai, ya fi sakatar. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Madam Joan ta yi kuka da ta gan ni. Amma an koya musu cewa da zarar an ɗaga labule ba abin da ya isa ya tsayar da wasa, har suka kai in mutum ya ce ba ya numfashi, abin da kunnensu ke ji shi ne surutu a layi. An cire sakatar yanzu, an daina amfani da ƙanƙarar, amma ba wanda ya taɓa tara mu ya ce ga abin da ya faru. Ni na koma ɗakin ɗinki, ko matakalar ramin ba na iya kallo. Ku kuwa, duk inda aka ajiye ku, ku fara duba ta ina za ku fita. In kun ji jikinku ba daidai ba, ku yi ihu ko da ana tsakiyar waƙa. A kore ku in an ga dama.

A ranar nan a asibiti, dab da magariba likitar ta dawo. Ta haska mini fitila a ido, ta tambaye ni sunana da inda nake, ta sa na matse yatsunta. Sannan ta ce jinina ya koma daidai, zuciyata lafiya, ba abin da ya taɓa ƙwaƙwalwata. Za su riƙe ni zuwa safe ne kawai don a tabbata.

Anti Memuna ta fassara wa Inna.  Inna ta goge hannunta a zaninta, ta ciro waya ta nemi alƙibla, ta shimfiɗa gyalenta tsakanin gado da bango. Sai da na ji ta yi kabbara sannan kuka ya zo mini.