Layin Masu Laka

Ni ne mai yanka kati a ƙaramin asibitinmu na gefen Kura, a shekarun da alkama da tumatir suka haukata mutane. Kowa manomi ne, har mu ma'aikata. Ranar da aka sako wa gonarka ruwa daga kanal, ko surukinka ne ya aiko kiranka sai ya jira.

Sai aka kawo mana sabon likita, saurayi, ya dawo daga wani kwas kansa cike da dabaru. Ya ce duk Alhamis za a zauna, tun daga shi har maigadi, kowa ya faɗi abin da za a gyara a asibiti. Zaman farko rufin ɗaki muka yi ta kallo. Wa zai faɗi laifin na gaba da shi, ga shi ga shi? Maigadi ya ce komai lafiya lau, sai dai a riƙa kawo goro wurin taron.

Da likita ya matsa, na ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, manomi in ranar ruwansa ce ba ya tsayawa layi, gara ya koma gona da zazzaɓinsa. A riƙa fara duba masu ban ruwa."

"To ta yaya za ka gane su?"

"Ƙafa, ranka ya daɗe. Wanda ya fito daga ban ruwa, laka har ƙwauri."

Ya tafa mini, ya ce daga gobe masu laka za a fara dubawa. Abin da ban faɗa ba shi ne, yawancin masu lakar nan maƙwabtan gonata ne. In na sallame su da wuri, su za su buɗe wa tumatirina ruwa ina zaune a tagar kati.

Ba a jima ba labari ya kai har Bunkure. Kanal kuwa ta bayan katangar asibiti ya bi. Tela, mahauci, dillalin tumatir da bai taɓa riƙe fartanya ba, kowa sai ya naɗe wando ya tsoma ƙafa kafin ya shigo. A bangonmu akwai hoton da ke gargaɗi kada a shiga ruwan kanal saboda tsargiya. A jikinsa suke jingina suna matse wando.

Na ce wa dillalin, "Alhaji, yaushe ka fara noma?"

"Kai dai dubi ƙafa, ka yanka mini kati."

Wadda abin ya faɗa wa ita ce Iya mai shara, tsohuwa, mijinta ya rasu, da aikin nan take riƙe jikokinta. Ta goge baranda, kafin ta miƙe an sake tattake ta. Rannan mai duba asibitoci ya zo daga Kano da farar shadda, santsi ya kwashe shi a ƙofar ɗakin allura. Ya tashi yana huci, ya ce in ya dawo ya tarar da wannan ƙazanta, mai shara ta nemi wani aikin. Ina tsaye a wurin. Na san ni na jawo lakar, na kama bakina, don tumatirina ya fara ja.

Ranar Alhamis likita ya ce, "Iya, ba ki da abin cewa?"

"Babu, likita. Allah ya ƙara girma."

Washegari muka tarar ta gangaro da rabin duro bakin ƙofar shiga, ta cika shi da ruwa, ta zauna a gefe da tsintsiya a cinya.

"Ba mai wucewa da laka."

Mahauci ya ce, "Haba Iya, wannan lakar kati ce fa! Sai da na zagaya na samo ta."

"Wanke, ɗan nan, ko in wanke maka da tsintsiya."

Ya wanke. Alhaji ma ya wanke, yana ƙunƙuni. Duk wanda ya iso tagata ƙafarsa fes, na rasa gane manomi da tela. Dole na koma yanka kati wa wanda ya riga zuwa. Likita kuwa ya sa an sayo wa Iya sabulu.

Da mutumin Kano ya dawo, baranda tana sheƙi. Iya ta ci gaba da aikinta har bayanta ya gaza. Amma ofishina ba ta ƙara sharewa ba. Sai ta share asibitin kakaf, ta tara sharar a bakin ƙofata, ta ce, "Mai kati, an tashi lafiya?" ta wuce.