Kofin Da Na Ɗaga A Kan Ƙafar Taubashina

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, domin a unguwarmu har yau ana yabona a kan abin da ya kamata a tsine mini.

A lokacin da abin ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina zaune a gidanmu cikin birnin Zariya, ina aikin ɗinkin babbar riga a zauren wani maƙwabcinmu. Amma ba da allura aka san ni ba, da ƙwallo aka san ni. Ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar unguwarmu, ni ke buga lamba tara. Idan na fito bayan la'asar da takalman wasa rataye a wuya, tun daga ƙofar gida har fili hannu ake ɗaga mini. Ban san yabon nan ya shiga jinina ba sai da aka fara raba shi da wani.

Wanin nan kuwa taubashina ne, ɗan goggona, wanda na girma da shekara uku. A Gyallesu suke zaune, kuma ni da kaina na kawo shi ƙungiyarmu. Ranar farko kocinmu ya dube shi ya ce wannan siririn iska ma za ta ka da shi, ni na dage na ce a gwada shi. Bahago ne, idan ya ɗauki ƙwallo kamar an ɗinke ta a ƙafarsa. Da farko alfahari nake yi, ina cewa jininmu ne. Kafin wata shida sai na lura 'yan kallo sun daina tambayar ko na zo, shi suke tambaya.

A shekarar muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin unguwanni. Ana kunnen doki, saura kaɗan a tashi, na yanke mutum biyu ta gefen dama na ɗago ƙwallo cikin gida. Shi kuwa ya juya wa raga baya, ya tashi sama ya doka ta da hagu, ta wuce ta saman mai tsaron gida. Ban taɓa ganin ƙwallo mai kyau irin wannan ba, kuma ban ƙara gani ba. Fili ya ruɗe, aka ɗauke shi a kafaɗa ana zagayawa da shi. Ina tsaye a gefe ina haki, babu wanda ya tuna daga ƙafar wa ƙwallon ta fito. Da na koma gida, mahaifina, malamin da ya sha yi mini faɗa a kan tamaula, ya tare ni a zaure yana murmushi, ya ce ashe ɗan ƙanwarsa ya yi abin mamaki yau, har a masallaci ana zancen. Shekara da shekaru ina ci wa unguwa ƙwallo, bai taɓa ce mini sannu ba. Na amsa da to.

Washegari taubashina ya zo wurin aikina yana ɗingishi kaɗan. Ya ja ni gefe ya ce jiya da ya sauko daga bugun nan ya gurɗe a idon sawun hagu, amma kada in gaya wa kowa, ko koci, domin an ce wani mutum daga wata babbar ƙungiya a Kaduna zai zo kallon wasan ƙarshe saboda shi. Ya ce ni ne yayansa, ni kaɗai ya yarda da ni. Ni na ɗauke shi a babur zuwa wurin wani mai ɗori ta wajen Kufena, aka ja ƙafar aka naɗe, aka ce ya huta mako guda. Muna dawowa yana ta ba ni labarin abin da zai yi wa Goggo idan aka ɗauke shi, ni kuwa abu ɗaya nake ta juyawa a raina: shekara nawa ina buga ƙwallo a garin nan, babu wanda ya taɓa tasowa daga Kaduna domina.

Ƙungiyar da za mu haɗu da ita a wasan ƙarshe tana da wani ɗan baya, ƙato, wanda muka yi makaranta tare, ɗan unguwar Tukur-Tukur. Ana saura kwana biyu wasa na gan shi a teburin mai shayi da safe. Muka gaisa, ya shiga tsokanata, ya ce shi ba ni yake tsoro ba yanzu, ƙaramin nan yake tsoro. Maganar ta soke ni. Na yi dariya na ce ai wanda yake tsoron ma da ƙafa ɗaya zai shigo, idon sawunsa na hagu a naɗe yake. Na faɗa kamar suɓutar baki. Shekaru na yi ina gaya wa kaina suɓutar baki ce. Ƙarya nake yi. Na san wanda nake gaya wa, na kuma san abin da zai yi da maganar.

Ranar wasa fili ya cika har kan katanga. Ba a yi minti ashirin ba taubashina ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ɗan bayan nan ya shigo masa da ƙafa biyu, daidai inda na faɗa. Ina kusa, na ji ƙarar ƙashin. Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati, aka yi ta hayaniya, ni na fara isa kan taubashina. Ya riƙe rigata yana kiran sunan Allah. Ni na goya shi zuwa motar da ta tafi da shi asibiti, ina kuka kamar macen da ta yi rashi. Aka dawo da ni fili, aka ci gaba da wasa. Ana gab da tashi aka bugo kwana, na sa kai, ƙwallo ta shiga. Ɗaya da nema muka tashi. Aka ɗauke ni a kafaɗa, aka miƙa mini kofi, aka rako ni har ƙofar gida ana cewa kyaftin ya rama wa ƙanensa. Duk abin da na yi ta ƙishirwarsa na same shi a yammacin nan, na kuwa rasa inda zan sa kaina.

Ƙafar ta haɗu, amma ba ta koma daidai ba. Bai ƙara buga ƙwallo ba, mutumin Kaduna kuma ko asibiti bai leƙa ba. Ya koyi gyaran waya, ya yi aure, ya haihu, yana tafiya yana jan hagu kaɗan. Ni ma ban yi nisa ba, bayan shekara biyu na ajiye takalmi. Kullum aka taru ana hirar wasannin da ba a mantawa, sai an kawo ƙwallon da na ci da ka, ni kuwa sai in ƙirƙiri uzuri in tashi.

Bara muka haɗu da ɗan bayan nan a wurin wani ɗaurin aure. Ya yi furfura, ya zama Alhaji. Ya riƙe hannuna ya ce kafin ya tafi aikin Hajji ya je ya nemi gafarar taubashina, kuma bai ɓoye masa komai ba, har hirarmu ta wurin mai shayi. Na tambaye shi yaushe ke nan, ya ce shekara uku da suka wuce. A cikin shekara ukun nan taubashina ya zo sunan ɗiyata, ya zauna makokin mahaifina tun daga ranar farko har bakwai, bai taɓa nuna mini komai a fuska ba.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa shagonsa. Na bari masu karɓar waya suka watse, na zauna a benci na faɗi komai da bakina. Bai ɗago ba, yana ta juya wata waya a hannu. Da na gama ya ce maganar ƙafa ya daɗe da barin ta ga Allah, domin abin da aka rubuta ba ya wuce ranarsa, kuma ya yafe mini duniya da lahira. Ya ce abu ɗaya ne yake hana shi sukuni tun da ya ji labarin, yana so in gaya masa gaskiya. Sai ya dube ni ya ce, "Yaya, kukan da ka yi ranar da ka goya ni, na gaske ne?" Na ce wallahi na gaske ne. Ya ce to shi ke nan, in gaida gida.

Zumunci bai yanke ba. Muna gaisawa, 'ya'yanmu suna ziyartar juna. Amma wasan taubasantaka ya mutu a tsakaninmu. Mutumin da ba ya ganina bai tsokane ni ba, yanzu da ladabi yake gaishe ni kamar baƙo, kuma na san ni na jawo.

Na rubuto ne domin matasa, musamman masu wasa tare da 'yan'uwansu da abokansu. Ni ban ɗaga ƙafa na taka kowa ba, magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba, ta canza wa mutum tafiyarsa har abada. Hassada ba ta zuwa da sunanta, ni da ta zo mini ce mini ta yi an zalunce ni, an manta da wahalata. Duk ranar da aka yabi ɗan'uwanka ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, ka nemi tsarin Allah, ka kama bakinka har nauyin ya sauka. Wanda kuma ya riga ya yi irin nawa, kada ya jira wani ya riga shi faɗa. Na samu gafara, amma ban samu ɗan'uwana yadda na san shi ba.